Kwamfutar da Ta Ƙi Buɗewa a Lisbon

Muttaka bai taɓa zuwa ofis ba tun da ya kama aikin nan. Daga ɗakinsu na unguwar Mansura yake kula da shafin intanet na wani kamfanin jigilar kaya a Doha, matarsa Jannat kuwa tana digiri na biyu. Da bizar Turai ta fito bayan doguwar wahala, sai ya kira shugabansa.

"Oga Rashad, zan leƙa Lisbon. Aiki ba zai tsaya ba, da kwamfutata zan tafi."

"Yalla, a dawo lafiya," in ji Rashad.

Washegarin saukarsa ya samu wani shagon kofi a kan tudu, ana hango kogi da jajayen rufin gidaje. Ya buɗe kwamfuta, ya sa lambar sirri. Ta ƙi. Ya sake, ta ƙi. A karo na gaba sai ta rufe shi gaba ɗaya. Ashe kamfanin ba ya barin a shiga daga wajen Qatar, kuma ba wanda ya taɓa faɗa masa.

Ya kira Rashad. Wai ma'aikacin da ke buɗewar ya tafi hutu, kuma ga oda ta maƙale, kwastomomi sai kira suke. "Ka san yadda za ka yi kafin azahar, khalas."

Dole ya nemi Jannat, wadda ke can Doha tana karatun jarrabawa.

"Don Allah kunna babbar kwamfutar ɗaki, ki juyo mini da kyamara."

"Abban Firdaus, gobe fa nake da jarrabawa."

"Ba zai ɗau lokaci ba."

Ya ɗauka. Yana faɗa tana dannawa, hoton yana tsinkewa, ƙaramin jirgin ƙasa na cikin gari mai ruwan ɗorawa yana wucewa da ƙara, ya toshe kunne ɗaya yana ihu, "A'a, na ƙasan! Na ƙasan nake nufi!" Mutanen teburin kusa suka tashi. Mai shago ya zo ya nuna masa baki da yatsa.

Haka sauran kwanakin suka tafi. Abin da ya sani na Lisbon bai wuce inda ake samun wajen caji ba. Ran da ya ce sai ya ga bakin teku ko ta halin ƙaƙa, yana hawa jirgin ƙasa oda ta sake maƙalewa, ya sauka a tasha ta gaba.

Jannat ta gaji. "Kai ka tafi yawo, ni na zama ma'aikaciyar kamfani. Ko Lisbon ɗin ma ba ka nuna mini ba, hancinka kawai nake gani a waya."

Ya ba ta haƙuri.

Yana jiran jakarsa a filin jirgin Doha saƙon Rashad ya shigo: mai buɗewa ya dawo, yanzu zai iya aiki daga kowace ƙasa. Muttaka ya kashe wayar, ya ja jaka ya nufi tashar jirgin ƙasa.