Saukar Jirgi a Kabarin Na-Gaya

Shekarar da soja suka sake karɓar mulki, damina ta riga ta ci amanar mutane, ni kuma ba ni da aikin da ya wuce zaman zaure. Shekara ashirin da biyu na yi ina tuƙa Turawa a motata cikin hamadar Tenere, daga Agadas zuwa Bilma, har tawaye ya kore su, jiragensu suka daina sauka. Motar tana nan ƙofar gida a kan duwatsu, awakin maƙwabta na shan inuwa a ƙarƙashinta. Ranar da rediyo ta faɗi juyin mulkin, Ousmane mai gyaran talabijin, abokina tun muna samari, ya leƙo ya ce, "Chaibou, ka ji?" Na ce na ji. Amma a raina ban ji komai ba. Wata uku ke nan ba na jin komai, ko gishiri a miya.

Wata uku kafin nan aka bugo mini waya daga Libiya. Inoussa ne, abokin tafiyar ɗanmu. Ya ce kwalekwalen robar da suka hau don tsallaka teku ya kife, an tsamo mutum tara, ɗanmu ba ya cikinsu. Sunan yaron Illiya. Ɗan fari ne, saboda haka ni da uwarsa Mairo ba mu taɓa kama sunan da bakinmu ba. Na-Gaya muke ce masa, don a Gaya aka haife shi, garin su Mairo, can bakin kogi.

Liman ya ce ba ma sallatar wanda babu gawarsa, sai dai addu'a da sadaka. Aka shimfiɗa tabarmi, mutane suka zo gaisuwa, Mairo ta ƙi fitowa. Ta bayan labule ta ce wa mata, "Gaisuwar mi? Ku nuna mini inda aka kwantar da shi tukuna." Ba ta yi kuka ba. Kullum sai ta auna gero har da rabonsa, ta zuba tuwonsa a akushi ta rufe, da safe ta miƙa wa matan daji da fari ya koro gari bayan dabbobinsu sun ƙare. Ita kuwa loma biyu take yi ta tsame hannu. Zanenta ya fara zagaye ta sau biyu. Ina kallo, na san inda abin zai kai mu, kuma ban san ta ina zan tare shi ba.

Ousmane ne ya tuna mini da kayan da ke ɗakin yaron. Wani Bafaranshe matuƙin jirgi da na taɓa kaiwa garin Timiya ya bar masa su: ordinata, wato kwamfuta, da sandar tuƙi mai maɓallai, da fedal biyu na ƙafa, da faifai huɗu. Da su yake tuƙa jirgin sama na ƙarya a kan teburi. Ni wasan banza nake kiran abin, na kuma faɗa masa haka a gaban mutane ba sau ɗaya ba.

"Duniya duka tana cikin abin ga," in ji Ousmane. "Ya taɓa nuna mini. Har teku. Akwai ma jirgin da ke sauka bisa ruwa."

Muka sha shayi har zagaye na uku. Sannan na ce ya zo gobe da kayan aikinsa.

Haɗa kayan kaɗai ya ci mana kwana huɗu. Ordinatar ta manta duk abin da ke cikinta, sai da aka sake ɗura mata faifan nan ɗaya bayan ɗaya, kuma sau biyu kuran, wato wutar lantarki, yana ɗaukewa muna kan na uku, mu koma farko. Ousmane yana karanta Faransancin da ke fitowa a ekaran, wato fuskar na'urar, da gilashinsa mai ƙafa ɗaya, yana zagin wanda ya ƙera abin har kakanninsa. Da aka jona sandar, sai aka ce a tura ta gaba, baya, hagu, dama, har iyakarta, don na'urar ta san tsakiyarta. Fedal ɗin suna zamewa a kan siminti, na ɗauko jak ɗin motata na tokare su. Da muka gama, Ousmane ya rufe komai da tsohon zane, ya nuna ni da yatsa.

"Rairayi shi ne ajalin abin ga. Ƙwaya ɗaya ta shiga tsakanin maɓallai, kada ka neme ni."

Jirgin da na zaɓa ƙarami ne, mai farfela ɗaya. A ƙarƙashinsa akwai abubuwa biyu dogaye kamar kwalekwale, a cikinsu kuma ƙananan ƙafafu masu fita su koma idan an danna maɓalli. Da su yake gudu a filin jirgi kafin ya tashi. Kwana goma sha ɗaya na yi kafin in iya ɗaga shi ba tare da na shiga daji ba. Hannun da ya saba da sitiyari yana son juyi, ita kuwa sandar lallashi take so. Na koyi kallon allurar gudu da ta tsawo, na koyi cewa ja da ƙarfi faɗuwa yake kawowa. Ousmane ya ce tsohon raƙumi ne ake koya wa rawa.

Wurin da kwalekwalen ya kife kuwa ni na nemo shi da kaina. Na sake kiran Inoussa na yi masa tambayoyi irin waɗanda nake yi wa Buzaye idan ina neman rijiya. Daga ina kuka tashi? Zuwara, bayan isha'i. Tauraron arewa yana ina? Gabansu, ɗan dama kaɗan. Yaushe injin ya mutu? La'asar ta washegari, kuma ba su jima ba suka kife. Gudun fa? Kamar na mai keke da bai yi sauri ba. Na shimfiɗa taswira, na ja layi, na sa ɗigo da fensir. Ban ce nan ne daidai ba. Amma na sha gano rijiya a Tenere da bayanin da bai kai wannan ba.

Daga filin jirgin da ke gaɓar zuwa ɗigon, tafiyar kusan sa'a guda ce. Babu abin gani sai shuɗi sama da shuɗi ƙasa. Ni da na yi rayuwata ina ratsa kawalwalniya ba tare da na ɗaga ƙafa daga totur ba, sai da na riƙa tuna wa kaina cewa wannan ruwan ana nufin ruwa ne. Idan agogo ya cika, sai in rage wuta, in sauke ƙafafun jirgin, in sunkuyar da shi a hankali. Da ya taɓa ruwa sai hancinsa ya nutse, wutsiya ta tashi, ya kife. Ekaran ya tsaya cik, sannan ya mayar da ni filin jirgi kamar ba a yi komai ba.

Na ce gudu ne ya yi yawa, na rage. Ya kife. Ousmane ya ce iska ce, ya shiga ya rage ta. Ya kife. Muka ce sandar ce ta karkace, muka sake tura ta gaba, baya, hagu, dama. Sau goma sha bakwai na mutu a wurin da ɗana ya mutu, kuma ban ji komai ba sai ciwon kafaɗa.

A na sha takwas ne, da hantsi, ina cikin danna maɓallin ƙafafu, na ji magana a bayana.

"Malam, ka taɓa ganin kwalekwale da ƙafa?"

Mairo ce tsaye a bakin ƙofa da faifan tankaɗe a hannu. Ban san tun yaushe take nan ba, ban kuma san kwana nawa ta yi tana tsayawa haka ba. Ban taɓa gaya mata abin da nake nema ba. Na ce mata shekara ashirin da biyu na yi ina jiran Turawa a filin jirgin garin nan, ban taɓa ganin jirgin da ya sauka bai fitar da ƙafa ba.

"Bisa ƙasa ke nan," ta ce. "Ruwa shina kama duk abin da ya leƙo. Naɗe su."

Ta juya ta tafi. Ousmane ya dube ni, na dube shi. Ya cire gilashinsa ya ce, "Tsofaffin banza biyu, mu da ba mu taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwa ba." Na mayar da ƙafafun ciki, zuciyata ba ta so ba. Jirgin ya taɓa ruwa, ya yi tsalle sau ɗaya, ya ja farin kumfa a bayansa, ya tsaya. Sai na ga ashe abin ba wuya. Na sake yi sau biyar cikin kwana biyu don in tabbata ba sa'a ba ce.

Ranar Juma'a da safe na tsaya a ƙofar ɗakinta na ce, "In kin shirya, mu tahi." Ba ta tambaye ni ina ba. Ta yi wanka, ta ɗaura zanenta na fita unguwa, ta yafa mayafi, ta sa takalmi, don tafiyar da ba ta wuce taku goma ba. Na ajiye mata kujera kusa da tawa. Ousmane bai zo ba, ya ce yana da aiki, na san ƙarya yake yi, na kuma gode masa.

Muka tashi. Gaɓa ta wuce ta ƙarƙashinmu, sai ruwa. Sa'a guda muna tafe. A waje wani yana shelar inda za a raba hatsin agaji, wata motar soja ta wuce, jaki ya yi kuka. Ni abu ɗaya nake roƙo, kada kuran ya ɗauke. Rabona da in roƙi Allah wani abu da gaske tun ranar wayar nan.

Agogo ya cika. Na rage wuta, na bar ƙafafun a naɗe, na sauke mu. Da jirgin ya tsaya na kashe injin, farfela ta yi juyi biyu ta daina. Ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar ruwa da ke fitowa daga ƙaramar lasifika, yana bugun cikin jirgin a hankali. Ekaran yana ɗan lilo sama da ƙasa.

"Nan ne?" ta ce.

"Nan ne, iyakar sanina."

Ta daɗe tana kallo. Babu komai a wurin, ko tsuntsu.

"Ina gabas?"

Na duba allurar da ke nuna kusurwa, na nuna mata da hannu, wajen kusurwar dama ta ekaran. Ta gyara zama ta fuskanci can. Ta yi sallama irin wadda ake yi wa mutanen makwanta, ta karanta abin da ta karanta, leɓɓanta kaɗai ke motsi. Sannan ta kwance bakin zanenta. Ƙasa ce a ƙulle, rairayin ƙofar ɗakin nan, inda yaron yake zama yana wanke ƙafa. Ta ɗebi tafi guda ta zuba a gaban ekaran, a kan maɓallan.

Hannuna ya ɗaga da kansa, maganar Ousmane na kunnena. Na ga rairayin yana gangarawa tsakanin maɓallai, yana shigewa inda babu mai iya fito da shi. Na mayar da hannun kan cinyata. Ta zuba na biyu. Ta zuba na uku, ta shafe shi da tafinta har ya kwanta, yadda ake gyara kan kabari.

"Illiya," ta ce.

Shekara ashirin da shida muna tare da yaron nan, ban taɓa jin sunan a bakinta ba. Ashe ta iya faɗarsa. Ta faɗe shi kamar mai kiran wanda ke ɗaki na kusa.

"Illiya, ga ni na zo. Ka kwanta."

Daga nan ne kukan ya zo mata, ba da ƙara ba, kafaɗunta kawai ke rawa. Ni ban yi ba. Na zauna ina kallon ruwan yana lilo, wani abu mai nauyi yana motsi a ƙirjina kamar ƙafar da ta yi sanyi jini ya fara komawa cikinta. Ciwo ne, kuma na yi marhabin da shi. Muna nan har kuran ya ɗauke da kansa wajen azahar, ekaran ya yi baƙi, muka ga fuskokinmu biyu a ciki.

Ta miƙe, ta kakkaɓe zanenta, ta ce in faɗa wa mutane su zo gaisuwa gobe. Na ɗauko tsohon zanen nan na rufe kayan yadda suke, da rairayin da komai. Ousmane bai tambaye ni ba, ni ma ban neme shi gyara ba.

Da yamma Mairo ta auna gero na mutum biyu. Ta zauna ta ci nata har ta side kwano. Miyar ta cika gishiri, na ji shi sarai a harshena, na kuma cinye.