Mai Riƙe Igiyar Rissa

A farin 1984, shekarar da damina ta leƙo mu sau biyu ta juya, ni ne mai walda a ginin wata babbar magaza ta ƙarfe, wato ɗakin ajiyar hatsi, a bakin garin Tawa. Gwamnatin soja ce ta sa a gina ta, saboda buhunan hatsin taimako suna jibge a fili, rana tana cin su, soja yana gadi. Sunana Ma'azu. Aikina na iya shi, kuma ban taɓa jin kunyar faɗin haka ba.

Ginshiƙan magazar sun kai mita tara. Kafin a ɗaga kowane ƙarfen da za a gitta a sama, sai na yi masa zobba. In lanƙwasa ƙarfe mai kaurin babban yatsa, in kankare tsatsa, in like shi ciki da waje, duk taku uku zobe ɗaya. In ya huce in dake shi da guduma in saurari ƙararsa. A jikin zoben nan mai aikin rufi zai ɗaura igiyar da ke ƙugunsa. Ba a cire su in an gama gini, wanda zai hau gyaran kwano bayan shekara ashirin ma zai same su a wurin.

Baƙo, shugaban ma'aikata da muke ce wa shef, da farko cewa ya yi ɓarnar ƙarfe nake yi. Sai labari ya zo cewa wani ya faɗo daga irin wannan gini a wani gari ya mutu nan take, sojoji kuma sun tafi da shef ɗin wurin. Daga ranar Baƙo ya fi ni son zobba. Ya tara mu ya ce duk wanda ya hau bai ɗaura igiyarsa a ƙarfe ba, ya sauko ya kama hanyar gida. Kowa ya bi, ban da Rissa.

Rissa mahaƙin rijiya ne daga arewa da Affala, Tamashek ne harshensa. Dabbobi sun ƙare a can, babu mai neman a haƙa masa rijiya, shi ne ya kwaso iyalinsa da na wansa suka kafa tabarmi a gefen gari. Tiyar dawar da ake ba shi kullum a wurin aiki, ita ce abincin mutum tara. A hawa kuwa ba mu da kamarsa, yana tafiya a kan ƙarfe mai faɗin tafin hannu yana gyara rawani.

Ba wai ba ya ɗaura igiya ba ne. Yana ɗaurawa a ƙugu, sai ya jefa ta kan ƙarfen sama yadda ake jefawa kan itacen bakin rijiya, ƙarshenta ya sauko ƙasa ya shiga hannun wansa Alƙasum. Shi Alƙasum ba a ɗauke shi aiki ba, an ce ya tsufa. Kullum dai yana biyo ƙanensa da safe, ya zauna a gindin ginshiƙi da igiya a hannu, in Rissa ya matsa gaba ya sake masa, in ya dawo ya tattara.

Abin ya ƙona mini rai. Zoben da na daka da guduma har kafaɗata ta yi tsami, a ce mutum ya wuce shi kamar bai gani ba? Na tare shi yana saukowa.

"Kai Rissa, mi zobena yay yi maka?"

"Bai yi min komi ba, Malam Ma'azu. Zobenka na da kyau."

"To ɗaure mana! Ko tsohon ga ya hi ƙarhena ƙarhi?"

Ya ja rawaninsa sama zuwa hanci, alamar na yi magana mara kyau. Ya ce, "Mu ga rijiya ba mu ɗaure rai ga abin da ba shi numhwashi. Mutum ka riƙon igiya. Shekara ashirin wana na riƙe da tawa, ni cikin rami, shi bisa. Raƙumanai sun mutu, awakinai sun mutu, igiyag ga ɗai tar rage mai. In na ɗaure ga ƙarhe shina zamne shina kallo, mi nac ce mai ke nan?"

Na yi tsaki kawai. Baƙo kuwa ba ruwansa da al'adar rijiya. Da yamma ya ce jibi wani hafsan soja zai zo duba aiki, in har Rissa bai ɗaura a ƙarfe ba kafin nan, ya nemi wani wurin. Rissa ya ce to, ya naɗe igiyarsa. Na san irin wannan "to" ɗin. Zai bar aikin ne, mutum tara kuma su koma layin rabon garin tuwo da ba kullum yake isa kowa ba. Tausayinsa ya kama ni, haushinsa ma ya kama ni, duk lokaci ɗaya.

Washegari da azahar, mutane sun tafi alwala, ina zaune ina kankare wani ƙarfe, sai ga Alƙasum ya tsuguna a gabana. Dogo ne, amma yunwa ta cinye shi, riga kawai ke yawo a jikinsa. Muka gaisa. Ya ce in miƙo masa gudumata. Na miƙa. Ya sa hannun dama ya karɓa, yatsunsa suka yi ta rawa, suka ƙi rufuwa, guduma ta zame ta faɗi tsakaninmu.

"Ka gani," in ji shi. "Wata huɗu ke nan. Na hagu ma hakanan. In yaron ga ya hwaɗo, igiya za ta wuce cikin hannuna awa ruwa."

Yaron da yake faɗi ya haura shekara arba'in. Na ce, "To baba, ka gaya mai mana!"

"In na gaya mai, na zama mi? Bakin ci kawai." Ya matso. "Ga rijiya, in kaya sun yi nauyi, muna naɗa igiya ga turke. Yi min turke na ƙarhe, nan ƙasa, bayan ginshiƙi, inda rigata ka iya ruhewa. Kar shi sani."

Rabona da kuka tun rasuwar mahaifiyata, amma ranar sai da na sauke gilashin walda a fuskata babu wutar da nake kunnawa. Kafin la'asar na yi wa kowane ginshiƙi na layin da Rissa ke rufi ɗan ƙarfe mai ƙaho biyu, kamu ɗaya daga ƙasa, wanda in an naɗa igiya a kansa sau uku ko sa ba ya jan ta. Wanda ya tambaya na ce masa na rataye wayar wuta ne. Baƙo kaɗai na gaya wa gaskiya. Ya zagaya turken, ya taka shi da ƙafa, ya ce ya yarda, amma sai igiyar ta bi ta cikin zoben sama.

Wannan kuma na san yadda zan ɓullo wa Rissa. Na jawo igiyarsa na nuna masa inda bakin ƙarfe ya fara cin ta.

"Ban ce ka ɗaure ba," na ce masa. "Zura ta kawai cikin zobe, ta gangara hannun wanka. Ƙarhen ga kaihi garai, zobena kuwa sumul shike."

Ya shafa wurin da ya sule, ya dube ni ya daɗe, ya ce wannan magana ce. Hafsan soja ya zo ya ɗaga kai ya ga kowa da igiya a zobe, ya shiga motarsa ya tafi. Rissa ya ci gaba da karɓar tiyarsa. Alƙasum kuwa kullum ya zauna jikin ginshiƙi ya baza riga, hannu biyu a kan igiya, fuska a sama, wanda bai sani ba sai ya rantse shi ke ɗauke da ƙanensa.

Kwana sha ɗaya da like turakun, ana cikin ɗora kwano, wata ƴar guguwa ta taso daga filin kasuwar dabbobi. Ta shiga ƙarƙashin fallen da ke hannun Rissa ta ɗaga shi, fallen ya juya ya share shi daga kan ƙarfe. Na ga tafin ƙafarsa a sama. Sai igiya ta miƙe da wata ƙara, zobena ya amsa, Rissa ya tsaya a iska yana lilo, rawaninsa yana warwarewa yana saukowa shi kaɗai. Na ruga wurin Alƙasum na durƙusa na kare shi da jikina kamar mai taya shi riƙo, muka sassauta naɗin a hankali har ƙafar Rissa ta taɓa ƙasa.

Wuri ya ruɗe da salati. Ma'aikata suka yi caa a kan Alƙasum, wannan ya ce tsoho mai ƙarfin raƙumi, wancan ya kama hannunsa yana jijjigawa. Shi dai ya sunkuyar da kai. Rissa ya rarrafo, haƙarƙarinsa na ciwo, ya kama hannuwan nan biyu masu rawa ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Wana na. Bai taɓa sakina ba."

Da aka watse, ina naɗe wayata, ya zo ya zauna kusa da ni yana dafe da gefe.

"Turkenka ya riƙa, Malam Ma'azu."

"Wane turke?"

"Haba. Daga bisa ana ganin komi. Ina kallonka ran da kal like su."

Na ajiye wayar. "Ke nan ka san zancen hannunai?"

"Tun ba mu baro gida ba. Ni ka zuba mai shayi, ina ganin yadda shika kama kohi da hannu biyu."

Na lissafa makonnin da ya yi yana hawa kafin in yi turke, babu abin da ke tsakaninsa da ƙasa sai yatsun da ba sa riƙe guduma. Raina ya ɓaci.

"Kai mahaukaci na? Ka san in ka hwaɗo ba shi iya tsai da kai, kuma kah hau?"

"Na sani," in ji shi. "Ɗiya na bukatar dawa. Shi kuma shina bukatar abin da za shi tashe shi da sahe. Ban ga wadda zan aje cikin biyun ba." Ya miƙe da ƙyar. "Kar ka gaya mai na sani. Bar shi shi ɓoye abinai."

Kwana uku ya yi yana jinya, ranar ta huɗu suka dawo tare. Ina daga nesa na ga Alƙasum ya tsuguna bayan ginshiƙi yana naɗa igiya a turke da yatsun da ba sa jin magana, naɗi ɗaya yana zamewa yana sakewa. Rissa yana tsaye taku biyu daga wurin, ya juya masa baya, yana ta gyaran rawanin da ba abin da ya same shi, har sai da ya ji tsohon ya baza riga ya ce, "Hau, ina riƙe."