Darussan Kawu

Tun azahar Injiniya ya kasa zama wuri ɗaya. Ya tashi, ya leƙa taga, ya dawo, ya matsar da kofin shayi ba dalili. Shafin intanet ɗin da ya gina wa kawunsa ya tsaya cak, ga shi jibi ɗalibai za su shiga jarrabawa.

Kawu, tsohon malamin lissafi, na zaune a gefensa da sanda tsakanin gwiwoyi. Darussansa na shekara talatin ne a shafin.

"Kai ɗan nan, kujerar ƙaya gare ta? Me ya lalace?"

"Teburin kwafi ne, Kawu. Shafin yakan ajiye kwafin kowane darasi a kusa don ya buɗe da sauri. Shi ne ya hargitse. Share shi ake yi, ya sake cika daga asali."

"To share mana! Yara sun ishe ni da waya."

Aikin minti biyu ne, wallahi. Sai dai Injiniya ya san abin da ya shuka. Wata uku da suka wuce, garin gyare-gyaren da ba wanda ya sa shi, ya goge asalin darussa ɗari da goma, kuma bai ajiye su a wani wuri ba. Da ya ga shafin na ci gaba da nuna su daga kwafi, sai gogan ya ja bakinsa ya tsuke, kullum sai gobe. Yanzu in ya share teburin, darussan sun tafi ke nan.

Sau huɗu yana gwada ceto abin da ke teburin. Rubutu na fitowa a cakuɗe, rabin layi, lambobi ba kai ba gindi. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Tsoro yake ji, amma kunya ta fi yawa.

"Kawu, littattafan nan naka na rubutun hannu, suna ina?"

Kawu ya yi dariya. "Ba kai ka ce zamanin takarda ya wuce ba? Gara ta fara cin su, na ba mai gyaɗar ƙofar makaranta. Ta daɗe da ƙunshe gyaɗa da su."

Injiniya ya buɗe farin shafi, ya juyo da kujerarsa.

"Darasi na farko, yaya ka fara shi? Faɗa a hankali, zan rubuta."

Dariyar Kawu ta ɗauke. Ya dube shi.

"Guda nawa?"

"Ɗari da goma, Kawu."