Miyar Janet Ba Gishiri

Ai ranar nan Janet, mai abinci a bakin sababbin masana'antun Idu, ta kasa zaune ta kasa tsaye. Jiya Hanif na ɗakin gwaje-gwaje ya ce mata gishiri haɗin iskar guba ne da wani ƙarfe mai kamawa da wuta cikin ruwa. Sai yau ta yi miya lami, leburori suna ɗanɗanawa suna komawa wurin maƙwabciyarta.

Tana hango shi ta tare shi. "Oga Hanif, ka kashe mini kasuwa!"

"Mama, ai ba ki bari na ƙarasa ba! Ƙarfen ya miƙa wa iskar ƙwayar lantarkinsa guda, suka manne wa juna, dafin kowa ya mutu."

Ta barbaɗa gishiri, ta miƙa masa cokali. "Fara ci in gani!"