Shirun Zinariya

Ranar sadakar arba'in ɗin mijinta aka yi wa Zinariya abin da ta rantse ba za ta yafe ba. Dangi da mahauta abokan marigayi sun cika tsakar gidan hayarsu a unguwar Adjamé ta birnin Abidjan, sai wan mijin, Alhaji Ɗanladi, dillalin shanu mazaunin unguwar Treichville, ya gyara murya. Ya ce ƙanwarsu Maimunatu shekara goma sha biyu ke nan tana aure a Lyon, ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Don haka ya yanke shawara a ba ta Nuriyya, 'yar marigayi mai shekara takwas, ta tafi da ita Faransa da takardar kotu, ta zama tata har abada.

"Ga uwar nan zaune," in ji shi. "In tana da ja, ta yi magana."

Ta yi magana da wane baki? Nuriyya 'yar fari ce, kuma ita kaɗai Allah ya bar mata. A garinsu Zinariya, can ƙasar Tawa ta Nijar, uwa ba ta kiran sunan 'yar fari, ba ta jan ta a jiki gaban mutane, balle ta miƙe cikin surukai ta ce tawa ce. Alhaji ya san haka sarai, shi ya sa ya jira aka taru. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ai taku ce." Aka shafa fatiha. Bayan kwana uku ya kawo takarda ta dangwala yatsa, zuciyarta na tafasa.

Maƙwabciyarta Jidda, haifaffiyar Abidjan da ke buga takardu a ofishin magajin garin Adjamé, ita ta buɗe mata ido.

"Tanti, wannan dangwalen ba shi ne ƙarshe ba. Dosiye, wato kundin takardun, yana daɗewa. Kafin alƙali ya sa hannu sai an turo wata madam daga kotu ta ji daga bakinki. Ko gobe kina so in raka ki, ki ce kin fasa, se fini, shi ke nan."

Zinariya ta tambaye ta, "Madam ɗin nan, ina za ta same ni?"

"Inda Alhaji ya rubuta. Gidansa."

"To, bar shi. Kada ki gaya wa kowa."

A taro aka cuce ta, a taro za ta rama. Fasawa a ɓoye cikin wani ɗan ofis, ai sauƙi ke nan ta yi masa.

Haka aka shiga jira, wata goma sha huɗu cur. Kullum da sassafe tana mararrabar Indénié tana suyar ƙosai, kullum kuma labarin wahalar Alhaji na iso mata, tana jin daɗinsa kamar ruwan randa. Yau an ce hoto bai yi ba, gobe an ce a sake gwajin likita, jibi an ce mai hatimi ya yi tafiya. Mutumin da bai taɓa bin layi ba sai ga shi da babbar riga yana gumi a bakin ofisoshin gwamnati na unguwar Plateau. In ya biyo ta gidan, ita ke shimfiɗa masa tabarma, ta kawo ruwa har ƙasa.

"Sannu da ƙoƙari, Alhaji. Allah ya nuna mana ranar."

"Amin, amin," yake cewa, yana yaba hankalinta a kasuwar shanu.

Duk ranar Lahadi Maimunatu na bugo waya shagon tarho na bakin titi, Zinariya da kanta ke raka yarinyar ta tsaya daga waje. An aiko hoton ɗaki mai labule ruwan hoda, an aiko rigar sanyi. Ta ninke rigar da kyau ta sa a akwati.

Salla kam ba ta wuce ta. Sai dai Allah ya sani, addu'arta ta karkace. Limamin unguwa ya yi wa'azi a kan yafiya, ta saurara tsaf, ta fito tana cewa a ranta ai rama cuta ga macuci ibada ne. Da azumi ya zo, a daidai shan ruwa, lokacin da aka ce ba a mayar da roƙon mai azumi, tsawon rai da lafiya take roƙa wa Alhaji. Tsoronta ɗaya, kada mutuwa ta riga ta.

Ranar ta zo a wata Asabar. Maimunatu ta sauka tun Alhamis da akwatunan tsaraba. Alhaji ya kayar da bajimi, ya gayyato dillalai da mahauta da limamai biyu, aka kafa rumfa har bakin titi don addu'ar ban kwana. Zinariya ta ɗaura zanen da ba ta taɓa ba tun fitarta takaba, ta sa kwalli, suka shiga mota ita da Jidda da yarinyar suka haye gada zuwa gidan Alhaji.

Madam ɗin kotu ta iso bayan azahar, siririya mai tabarau, da dosiye a hammata. Ta ce a ba ta ɗaki ita da uwar yarinya, Jidda ta yi musu tafinta.

"A'a," in ji Zinariya. "Gaya mata a nan aka fara, a nan za a gama."

Alhaji ya yi murmushi ya ce a bar ta, ai abin alheri ba a ɓoye shi. Madam ta yi tambayarta, Jidda ta juya: shin ta amince, da son ranta, 'yarta ta zama 'yar Maimunatu?

Zinariya ta miƙe tsaye. Ta bari sai da masu cin nama suka ɗago.

"Ban yarda ba. Ban taɓa yarda ba. Nuriyya 'yata ce, ni na haife ta, ko Bassam da ke nan kusa ba za ta je ba balle Faransa."

Tsofaffin mata suka riƙe baki, wata ta saki salati. Alhaji ya zabura har hularsa ta faɗi.

"Ke! Sunan 'yar fari a bakinki, gaban malamai? Ina kunyarki?"

"Kai ka cinye ta, Alhaji, ranar arba'in ɗin ƙanenka. Ka san ba zan iya magana ba ka ce in yi. To, yau na yi."

Madam ba ta jira tafinta ba, ta mayar da biro cikin jaka ta rufe dosiye. Dillalan da ya yi shekara yana yi wa alfahari suka shiga kallon ƙasa, wasu na neman takalmansu. Zinariya ta kalli fuskarsa ta ƙoshi. Wallahi ta ji daɗi, daɗin da ba ta ji ba tun da aka ɗauki gawar mijinta.

A bakin ƙofa Maimunatu ta tare ta, hawaye har haɓa. "Yaya Zinariya, ni me na yi miki? Da kin gaya mini tun farko, ai da na haƙura."

Wannan ya ɗan sosa mata rai, amma ta ja hannun 'yarta ta wuce. Yau ne karo na farko da ta riƙe hannun nan a titi.

Suna tsaye suna jiran mota, Zinariya ta kasa riƙe dariyarta. Ta daki kafaɗar Jidda.

"Kin gani? Da na bi shawararki bara na fasa a ɓoye, wa zai ga idon Alhaji yau?"

Sai ta ji ɗan hannun da ke cikin nata ya yi sanyi.

"Inna," in ji Nuriyya a hankali, da Hausarta mai gauraye da Faransanci, "tun bara kin san ba zan tafi ba?"

"Tun bara mana."

"Ni ban sani ba," in ji yarinyar. "Na zaci kin gaji da ni. Kullum in na yi salla sai in roƙi Allah ya sa ki so ni kafin a tafi da ni."

Zinariya ta ƙara riƙe hannun 'yarta. Mota ta tsaya. Nuriyya ta zare hannunta ta shiga, ta wuce can baya ta zauna kusa da Jidda.