Kaset Ɗin Gayyar Nahuce

"An cuci yaron nan!" in ji Alhaji Mannir. Ya zare abin daga kunnensa ya riƙe da yatsa biyu kamar ya kamo ƙwaro. "Wallahi an cuci Tajuddeen. Wanga ai kukan sauro na. Ina ganga? Ina ƙugin?"

Muna zauren Baba Ɗahiru mai gyaran rediyo ne a Gusau, da hantsi, cikin bazarar shekarar da ta gabata. Ni Salisu mai faci, katangarmu ɗaya da shi. Alhaji Mannir kuwa mai sayar da kaset ne a Tsafe, abokin gardamarsa tun kafin a haife ni. Yana jin labarin saƙon ya rufe shago ya hawo mota. Mutanen unguwa 'yan kunne suke kiranmu, don muna iya wuni a kan wace rakoda ta fi fitar da amon kalangu.

Saƙon daga Jidda ya zo. Tajuddeen, ɗan Baba Ɗahiru, yana aiki a shagon kayan sauti a can, shi ya ba wani alhaji ya taho da shi. Iyafon ne, abin sauraren nan da ake sawa a kunne, amma ba irin na kasuwa ba. Ƙanana ne, baƙaƙe, kowanne da roba mai hawa uku a baki. A wasiƙarsa ya ce irinsa manyan mawaƙa suke sawa, har numfashin mai busa sarewa ana ji. Tun jiya na kasa cin abincin kirki don ɗoki.

Baba Ɗahiru yana kwance a kan katifa a jikin bango. Sati uku ke nan da asibiti suka sallamo shi, ƙafafunsa sun kumbura, ba ya iya tashi sai an ɗaga shi. Amma ranar idonsa tar.

"Ba Salisu shi gwada," ya ce. "Kunnenka ya tsuhwa, Mannir."

"Nawa ya tsuhwa? Kai da ba ka bambance kotso da gwangwanin madara?"

Na karɓa. Na ɗora su a bakin kunne a hankali, kamar yadda Alhaji ya yi. Abin dattijo ne, shi zai sa bayanmu, wa zai cusa shi ciki ya shafa masa dauɗar kunne? Na danna wokman, 'yar rakodar aljihun da muka jona su a jiki. Sai wata 'yar ƙara siririya, can nesa, kamar rediyon maƙwabta. Na so in ce da daɗi. Na kasa.

"Baba, ba shi da nauyi," na ce.

Akwai takarda a cikin kwalin, na miƙa hannu, ko da yake karatuna bai wuce aji huɗu ba. Alhaji ya riga ni, ya mai da ita mafici.

"Shekara ashirin ina saida kaset, takarda za ta koya min sa abu ga kunne?"

Baba Ɗahiru ya juya fuska bango. Duk mun san abin da ya sa.

Akwai wani kaset a ƙarƙashin matashinsa. Shekara ashirin da uku da suka wuce ya je Nahuce, garinsu, ranar gayya a gonar mahaifinsa, da sabuwar rakoda. Lokacin ba sa magana da tsohon, don ya bar noma ya bi rediyo. Yana durƙushe a kunya yana ɗaukar kiɗan gangar noma a kaset, mahaifin ya zo wucewa da fartanya a kafaɗa, ya faɗi wata magana ya yi gaba. Ganga ta danne ta. Kafin sati ya zagayo tsohon ya rasu. Tun daga nan babu lasifikar da Baba Ɗahiru bai gwada kaset ɗin a kai ba. Ana jin murya, ba a jin abin da ta ce. Shi ya ɗauka baki aka yi masa. Da ya kwanta ciwo, abin da ya roƙi ɗansa ke nan: abin da zai ji maganar nan da shi kafin ya tafi.

Muna zaune jugum sai ga sallamar Dogo wanzami da zabirarsa, ya zo yi wa Baba aski.

"'Yan kunne shiru? Lahiya?"

Alhaji ya miƙa masa abin. "Ga shi nan. Kukan sauro anka aiko muna daga Jidda."

Dogo bai san rakoda ba, ko rediyo ba shi da ita. Ya jujjuya robar a tafin hannu, ya matsa ta da farce.

"Ina kunka sa shi?"

Na nuna masa.

"A'a. Wanga ba na baki na ba, na ciki na. Ku duba hawa-hawan. Ramin kunne ai a karkace shike, ko sakace shi zan yi sai na ja shi sama kahin shi miƙe. Zo nan, mai faci."

"Na Baba ne, zan ɓata masa."

"Ɓata shi," in ji Baba Ɗahiru, bai juyo ba.

Dogo ya kama saman kunnena ya ja, ya ce in buɗe baki, ya murza abin ciki. Na ji tsam, kamar na nutse a kogi. Ya yi wa ɗayan haka. Gusau ta ɓace. Ina ganin bakin Alhaji yana motsi, ina ganin mai kabu-kabu ya wuce ƙofar zaure, ban ji komai ba sai bugun zuciyata. Na danna.

Ganga ta faɗo mini a tsakiyar kai! Na zabura har na buge butar shayi. Kalangu yana hannun dama, 'yan amshi suna hagu, wani a bayana yana tari, har na waiga in ga ko waye. Kaset ɗin biki ne da na ji ya fi sau ɗari, ban taɓa sanin akwai mai tafi a ciki ba.

"La ilaha illallahu!" Ashe da ƙarfi na faɗa, har Inna Mairo, matar Baba, ta leƙo daga cikin gida.

Alhaji ya fizge. Wannan karon ya tsaya Dogo ya ja masa kunne kamar ɗan makaranta. Ya rufe ido. Ya buɗe. Hularsa ta zame bai kula ba.

"Ɗahiru! Ana jin hannun mutum bisa fata! Ɗahiru, ana jin yatsunai!"

"Daina ihu, mu ba kurame muke ba," in ji Dogo.

Baba Ɗahiru ya riga ya juyo. Ya zaro kaset ɗin daga ƙarƙashin matashi, ya riƙe a ƙirji. Sai ya miƙo mini.

"Kai fara ji. Bayan kirari na biyu. In baki na, ka ce ba ka ji komi ba."

Ban so ba, amma ban taɓa yi masa musu ba. Na sa kaset ɗin a wokman, na goge robar da bakin rigata, Dogo ya sa mini. Gona ce. Fartanyu suna sara tare, gangar noma tana gunji a ƙasa, kazagi yana bisanta. Kirari na farko. Na biyu. Takun mutum a kan busasshiyar ƙasa, yana matsowa ta hagu. Sai muryar tsoho, ƙasa-ƙasa, kamar a kafaɗata yake.

Na mayar baya na sake ji don kada in yi ƙarya. Sannan na cire.

"Mi ya ce?"

"Baba, na ji. Amma ba zan faɗa ba. Ji da kanka."

Ya yunƙura zai tashi. Na tallafo shi ya jingina da ni, ba shi da nauyi ko kaɗan. Dogo ya ja masa kunne a hankali, yadda yake yi wa jarirai ranar suna. Alhaji da kansa ya danna.

Muna kallon kaset yana juyawa. Yatsan Baba yana bin ganga a kan bargo. Sai yatsan ya tsaya. Bakinsa ya buɗe. Ya yi dariya, dariya ta zama tari, hawaye yana bin gemunsa.

"Mannir!" ya faɗa da ƙarfi, don ba ya jin kansa. "Cewa ya yi, 'Ɗahiru, ja abinka inuwa, rana na ɓata ma shi.' Shi ke nan! Ja abinka inuwa!"

"Shekara ashirin da uku," in ji Alhaji.

"Sake maido min."

Sau bakwai muka maido masa. Ranar ya sha kunu kofi guda, ya bar Dogo ya yi masa aski, ya kira Inna Mairo ita ma ta ji. Ta ce ita ba mai ja mata kunne, ta ja da kanta ta ƙarƙashin mayafi. Bayan azahar ya sa aka kawo kaset-kaset ɗinsa a kwali, muka riƙa karɓa-karɓa, kowa ya cire sai ya ba da labarin abin da ya tsinto. Shi da Alhaji har suka koma gardama a kan ko makaɗa uku ne ko huɗu a wani kaset.

Ya yi kwana huɗu bayan nan. Ranar Talata da walaha ya cika, Inna Mairo tana yi masa fifita. Kafin azahar mun kai shi.

Da la'asar masu gaisuwa suka ragu a ƙofar gida. Na shiga zaure ɗauko tabarma, na tarar da Alhaji Mannir shi kaɗai a gefen katifar da aka naɗe, abin yana kunnensa, bai ji shigowata ba. Rana ta shigo ta ƙofa ta sauka a kan wokman ɗin da ke ƙasa. Ya sa hannu ya jawo shi jikin bango.