Ranar da Ban Waiwayi Callum Ba

Baburanmu ba su da birki, wannan kowa ya sani a Skelderby, har yaron da bai iya ɗaura igiyar takalmi ba. Mu huɗu ake saki a kowane tsere, biyu naku, biyu na baƙi, zagaye huɗu. Na ɗaya ya ɗauki maki uku, na biyu maki biyu, na uku ɗaya, na ƙarshe ya tashi a tutar babu. Saboda haka idan ka fita gaba, ba gudu za ka yi ta zubawa kamar ɓarawon da aka biyo ba. Waiwayawa za ka yi ka ga ina abokin hawanka yake, ka ɗan sassauta, ka tare wa baƙo hanya, ka buɗe wa naka. Babana Stan, wanda ya yi shekara goma sha shida yana hau wa ƙungiyarmu ta Hankakin Skelderby babur, shi ya dasa mini wannan tun ban fara aske gemu ba.

"Clive," yakan ce, "waiwaye adon tafiya. Wanda bai iya shi ba ya je ya sayi keke ya yi ta yawonsa shi kaɗai."

Ni kuma na koya wa Callum Thwaite, da bakin nan nawa. Ya zo mana yana ɗan shekara goma sha tara daga wata gonar tumaki a bayan tudu, da wani akwalan babur da aka ɗaɗɗaure da waya. Ko takalmin ƙarfen da muke sawa a ƙafar hagu don jan ƙasa a kwana ba shi da shi, tsohon nawa na ba shi. Na nuna masa inda ƙasa ke kama taya da inda take santsi, na nuna masa yadda ake karanta hannun alƙali kafin zaren farawa ya tashi. Shekara biyar kacal, yaro ya zama abin da ya zama. Ni kuwa ina da shekara arba'in da uku, ina kyaftin, gwiwata ta dama tana gaya mini za a yi ruwa tun kafin rediyo ya faɗa.

Ba zan ɓoye muku ba, na yi kishinsa, kishi irin wanda ke hana mutum jin ɗanɗanon abinci. Yaran gari duk lambarsa suke sawa a baya. Mai soya kifi da dankali a bakin ƙofar fili ya manna hotonsa a jikin motarsa, daidai inda nawa ya yi shekara goma. Wannan duk da sauƙi. Wanda ya fi ci mini rai shi ne Baba. Tsoho mai shekara saba'in da takwas, kullum yana zaune a kwana ta uku da allonsa da biro yana rubuta makin kowane tsere, sai in same shi bayan an tashi yana ta washe baki.

"Ka ga yadda yaron nan ya shiga kwanar nan kuwa? Tunda nake ban taɓa ganin irinsa a filin nan ba."

"Baba, ni ma fa shekarata ashirin da biyar ina hawa a filin nan."

"Na sani mana. Ai ina nan zaune."

Kuma abin haushin, Callum bai taɓa yi mini rashin kunya ba, da na samu abin riƙewa. Tare ake haɗa mu, kuma duk tseren da ya fita gaba sai ya waiwayo ya neme ni. Ya sassauta, ya tokare baƙo, ya jira in lallaɓo in shige bayansa. Sai mai sanarwa ya ɓarke da ihu a lasifika: "Callum ya sake kawo kyaftin gida lafiya!" Ka ji fa. Kamar wani mashayi da aka tsinto a bakin kwata. Jama'a su yi ta tafi, ni kuwa a cikin hular kwano ina cizon leɓe. A waccan kakar gaba ɗaya ban gama tsere ko ɗaya a gabansa ba.

A lokacin kuwa wasan namu kansa yana gargara. Ƙungiyoyin da na taso muna karawa da su suna ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya, wannan fili ya koma wurin ajiye motoci, wancan ya koma kanti. Namu ma kamfanin da ya mallaki ƙasar ya daɗe yana son ya zuba gidaje a kai. Maureen Haigh, wadda ke riƙe da ƙungiyar tun rasuwar mijinta, ta yi ta safa da marwa a majalisar gari har takalminta ya cinye. A ƙarshe ta tara mu a rumfar gyaran babura ta gaya mana abin da ta samo.

"Sun ce in muka ci Kofin Arewa, za su hana a taɓa filin har shekara uku. Kunya ba za ta bar su su rushe gidan masu kofi ba. In kuwa ba mu ci ba, sun ce za su duba."

"Za su duba," in ji Callum. "Ai wannan sallama ce, Anti."

Shi ma wata ƙungiya a Poland tana ta zawarcinsa, inda ake cika fili da mutum dubu goma sha biyar. Ya ce musu muddin Hankaki na numfashi yana nan. Har wannan ma haushi ya ba ni, don ni ba wanda ya taɓa nemana ko daga garin da ke maƙwabtaka da mu.

Ranar Lahadi ta ƙarshe a watan Oktoba aka yi wasan ƙarshe na kofin, da rana, ana ɗan yayyafi. 'Yan ƙungiyar Rinan Morthwaite ne suka zo mana. Rabon da in ga filin ya cika haka tun ina saurayi, har kan tudun bayan katanga mutane ne da lema. Ƙaurin mai ya gauraye da na soyayyar albasa. Aka yi ta gwabzawa, mu ci su ci, har aka gama tsere goma sha huɗu suna gabanmu da maki biyu. Saura ɗaya. Lissafin ba wuya: in muka zo na ɗaya da na biyu, kofi namu ne.

Maureen ta zo da takardarta duk ta jiƙe. "Callum da Clive. Kada ku sa in mutu a tsaye, don Allah."

Mu muka ci zaɓen layi, Callum ya dafa kafaɗata yana gyara safar hannu.

"Dattijo, ɗauki layin ciki, ya fi kamawa. Ni zan bi ta waje. In na fita zan jira ka, kada ka damu."

"Wa ya ce maka ina neman mai jira?"

Ya yi dariya, ya ɗauka wasa nake. "To yi haƙuri, ranka ya daɗe. In kai ka fita, ka jira ni."

Muka jera a bakin zare. Na sa ido a kan ƙarfen da ke riƙe da shi, ban ko ƙifta ba. Yana motsawa na saki. Kai! Rabon da in tashi irin wannan tashi tun kafin a haifi 'yata. Kafin kwana ta farko na riga kowa da tsawon babur guda. Na fito miƙaƙƙiyar hanya ba kowa a gabana, ba ƙasar da ke dukan gilashina, iska kawai. Na manta yadda wannan abu yake da daɗi.

Ba sai na juya ba na san yadda ake ciki a baya, kunne ya gaya mini. Mikkel, ɗan Denmark ɗin da ke hau wa Rina, yana manne da ni ta ciki. Injin Callum kuwa ko cikin barci na san kukansa, yana can ta waje kusa da katanga, na uku, yana tattaro gudu. An ɗan matse shi a kwanar farko amma ya dawo. Abin da ya rage aikina ne, aikin da na yi sau ɗari: in waiwaya, in sauko ciki in zauna a gaban Mikkel, in rage wuta kaɗan, in bar wa Callum hanyar waje. Zai zagaye Mikkel. Amma da irin gudun da ya ɗauko, zai zagaye ni ni ma. Shi na ɗaya, ni na biyu, kofi ya zauna a Skelderby.

Zagaye na biyu ya wuce ban yi ba. Na ce wa kaina sai na gaba.

A zagaye na uku muka nufo kwana ta uku, na hango jar hular Baba a inda take kullum. Ya miƙe tsaye, abin da likita ya hana shi. Kuma ba ni yake kallo ba. Ɗansa na gaba a tsere mafi girma da aka taɓa yi a filin, shi kuwa idonsa na bayana, yana kaɗa allo yana kiran sunan wani. Na ji lasifikar nan a cikin kaina tun kafin ta yi magana: Callum ya ceci Hankaki. Na riƙe wuyana ƙam, na murɗa wuta har ƙarshe, na bar ciki na fita waje inda ƙasa ta taru, daidai layin da Callum ya ɗauko.

Tayata ta baya ta kwashi jar ƙasa jiƙaƙƙiya ta watsa masa a fuska. Na ji injinsa ya yi shiru na ɗan lokaci, dole ya saki wuta ko ya ci katanga. Kafin ya farfaɗo, na biyun Rina ya shige shi ta ciki.

Na tsallake layi na ɗaya, na ɗaga hannu sama kamar wawa. Uku gare mu, uku gare su, kofi ya tafi Morthwaite. Tafin da na ji daga ɓangaren baƙi yake fitowa. Namu mutum dubu biyu da wani abu sun yi tsit, har ina jin yayyafi na sauka a kan hulata.

A rumfa na tarar da Maureen zaune a kan akwatin kayan aiki, ta ninke takardar nan tana ta sake ninkewa. Callum ya shigo yana tura babur, fuskarsa duk laka sai idanu. Na shirya ya zage ni, na rantse da ya yi da na ji sanyi. Sai ya cire hula ya dubi Maureen.

"Anti, laifina ne. Na makara a kwanar farko, ban ba shi lokacin da zai gan ni ba." Ya juyo gare ni, ya yi ɗan murmushi. "Amma Dattijo, yau ka tashi! Ashe da sauranka."

Na sunkuya ina kwance takalmin ƙarfe, na daɗe ina kwance shi.

Baba na same shi a mota yana jirana, allon a kan cinyarsa. Ya cike kowane layi da rubutunsa mai kyau, ban da na goma sha biyar. Na tayar da mota, muka fita daga fili, muka wuce gada, sai da muka tsaya a danja ya yi magana.

"A kwana ta uku nake zaune, Clive."

"Baba, laka ce ta rufe mini gilashi."

"Wanda ke gaba wa ya watsa masa laka?" Ya gyara zaman allon. "Kuma gilashi a ido yake. Wuyan fa, shi ma laka ta riƙe shi?"

Danja ta ba mu hannu, na ja mota.

Yau shekara ɗaya da rabi ke nan. Majalisa har yanzu tana dubawa. Ba a rushe filin ba, ba a kuma buɗe shi ba, sarƙa ce a ƙofa, ciyawa ta kai gwiwa a kwana ta uku. Maureen tana nan tana rubuta wasiƙu, in mun haɗu a kanti tana gaishe ni da fara'a, don ita maganar Callum ta ɗauka. A mashayar unguwarmu sun rataye hotona, an rubuta a ƙasa wai mutum na ƙarshe da ya ci tsere a Skelderby. Na daina shiga wurin.

Callum ya tafi Poland da aka shiga bazara. Baba kuwa ƙafa ta ƙi, ya dawo gidana da zama, kuma duk ranar Lahadi da rana ni nake kamo masa tashar da ke nuna wasan can, don shi bai iya na'urar ba. Yakan ja kujerarsa gaban talabijin da sabon allo. Ni nakan fake da haɗa shayi.

Lahadin da ta wuce na fito daga kicin da kofinsa a hannu, na tarar Callum na gaba a tseren ƙarshe, fili cike maƙil. A zagaye na biyu ya juya kai, ya sauko ciki, ya tokare baƙo, abokin hawansa ya zagaye su duka biyun ya ci. Shi ya zo na biyu, yana ta dukan bayan yaron don murna. Da aka tare shi da makirufo aka tambaye shi ina ya koyi wannan, ya share gumi ya ce:

"A Skelderby. Kyaftin ɗina Clive Ackroyd ne ya koya mini. In yana kallo, ina gaishe ka, Dattijo."

Ina tsaye a bayan kujerar Baba, taku biyu tsakaninmu, kofin yana ƙona mini yatsu. Ya san ina wurin, ya ji fitowata. Na tsaya ina kallon ƙeyarsa ina jira. Ya sunkuya ya rubuta maki biyu a gaban sunan Callum, ya rufe biro, ya ci gaba da kallon talabijin. Bai waiwayo ba.